Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Teku: Kafin A Haƙa Tafkunan Jatan Lande

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka.

Ni mai kiwon tarwada ne a jihar Kano. Tankunan siminti shida gare ni da kududdufi biyu a bayan gari, kuma tsakanina da teku tafiyar kwana da yini ce a mota. Ban taɓa kiwon jatan lande ba. Iyakar sanin da na yi masa a hannu shi ne busasshen nan da ake aunawa da gwangwani a kasuwar Sabon Gari, wanda mata ke kira kirafish. Sai dai tun da aka kafa ma'aikatarka a 2023, daga baya kuma aka ciro sashen kifi daga ma'aikatar gona aka damƙa maka, mu masu tankuna mun zama talakawanka, ko mun taɓa ganin teku ko ba mu taɓa ba. Wannan ne ya ba ni bakin magana.

Duk sa'ad da aka ɗauko zancen arziƙin ruwa, sai jatan lande ya shigo. A ce gaɓar tekunmu ta haura kilomita 800, a ce Turawa na sayensa da kuɗin waje, a ce jiragenmu na kamo shi ana fitarwa, ga kuma gona an kafa a Badagry. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da kunnena bai cika ji ba shi ne labarin waɗanda suka riga mu shiga sana'ar, suka yi kuɗi da ita, sannan wata ƙwayar cuta ta durƙusar da su. Shi nake so in ba ka, ranka ya daɗe, domin akwai mu a ciki.

A 2009 aka fara ganin abin a kudancin ƙasar Sin. Mutum zai gyara tafkinsa, ya zuba 'ya'yan jatan lande dubu ɗaruruwa, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa da yawa ba. Sati biyu, sati uku, komai lafiya lau. Masu wannan sana'a suna da wani faifan raga da suke zuba ɗan abinci a kai su nutsar cikin ruwa, an jima su jawo su duba ko an cinye. Shi jatan lande jikinsa garau yake kamar gilashi, ana hango cikinsa. Lafiyayye za ka ga wani baƙin zare ya bi gadon bayansa daga kai har wutsiya, hanjinsa ke nan cike da abinci, kuma a cikin kansa akwai wata gaɓa mai launin ƙasa-ƙasa da ke masa aikin hanta, ita ke narkar da abin da ya ci. To, sai wata safiya a jawo faifan a tarar abinci na nan yadda aka zuba shi. Waɗanda suka hau kan faifan kuma zaren bayansu ya yanke ko ya ɓace gaba ɗaya, hantar ta koɗe ta motse, ɓawon ya yi laushi. Ba ya tasowa saman ruwa kamar yadda kifinmu ke yi, nutsewa yake, don haka mai tafki na tsaye a baki yana kallon ruwa shiru alhali a ƙasa jarinsa ne ke ruɓewa. Kafin kwana talatin ko talatin da biyar da zubawa, wani tafkin ba a tsira da ko ɗaya ba.

Manoma suka sa mata suna da abin da idonsu ya gani, wato mutuwar wuri, EMS a taƙaicen Turanci. A 2010 ta shiga Biyetnam ta mamaye lardunan bakin kogin Mekong, a 2011 Malesiya, a 2012 Tailan. A 2013 ta tsallake tekun Pasifik ta ɓulla a Meziko, a jihohin Nayarit da Sinaloa da Sonora. Ƙwayar cuta ba ta yin iyo daga Asiya zuwa Meziko. Abin da aka fi zargi a yaɗuwarta shi ne safarar iyaye da 'ya'ya masu rai daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu da takarda, wasu ta bayan fage.

Tailan ta fi kowa jin jiki. A lokacin ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da jatan lande, tana noma kusan tan dubu 600 a shekara. Cikin shekara biyu abin ya faɗo ƙasa da rabi. Masana'antun ɓare shi da daskarar da shi suka rasa kaya, masu saye suka juya Indiya da Ekwado, kuma har yau Tailan ba ta koma inda take ba. Ƙasa ce fa mai jami'o'i da ɗakunan gwaji da manyan kamfanoni da suka ƙware a harkar shekara da shekaru.

Shekara huɗu ana wannan mutuwa ba a san mai kisan ba, kuma nan ne nake so mu ɗan daɗe. An zargi maganin ƙwari da ke gangarowa daga gonaki, an zargi gansakuka mai guba, an zargi abinci, an zargi lalacewar iri. Sai a 2013 ƙungiyar Farfesa Donald Lightner ta Jami'ar Arizona a Amurka, tare da wani ɗalibinsa ɗan Biyetnam mai suna Loc Tran, ta tabbatar cewa bakteriya ce, Vibrio parahaemolyticus, 'yar dangi ɗaya da ƙwayar kwalara. Abin mamakin, ba baƙuwa ba ce. Tana cikin ruwan gishiri mai ɗumi kusan ko'ina a duniya, an kuma san ta tun 1950, lokacin da ta kwantar da mutane da amai da gudawa a birnin Osaka na Japan. Galibinta ba ruwanta da jatan lande. Wadda ke kisan ta samo wani ɗan ƙullin gado ne da masana ke kira plasmid. Kamar laya yake, yana wucewa daga hannu zuwa hannu, kuma duk wadda ta ɗaura shi sai ta iya haɗa guba iri biyu da aka sa wa suna PirA da PirB. Daga baya ma an tsinci layar a jikin wasu dangin Vibrio ɗin daban.

Me ya sa aka daɗe haka? Ƙwayar a tumbin jatan lande take zama, gubar ce kawai ke gangarawa ta saɓule hantar. Masu bincike suka yi ta tsaga hanta suna dubawa, suna ganin ɓarna ba sa ganin ɓarawo. Ga shi kuma samfurin da ake aika wa ɗakunan gwaji na nesa daskararre ne, sanyin ƙanƙara kuwa na kashe ƙwayar, sai a ciyar da lafiyayyu da shi su ƙi kamuwa, a ce to ba cuta mai yaɗuwa ba ce. Yadda ake ɗaukar samfuri kaɗai ya ci wa duniya shekaru. Da aka gano ta, a ƙarshen 2013 masana a Tailan da Taiwan suka fitar da hanyar gwajin PCR, mai gano ƙwayar cuta ta hanyar gadonta, kyauta ga kowa, aka sa wa cutar sunanta na littafi, AHPND, kuma Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta shigar da ita cikin cututtukan da wajibi ne ƙasa ta ba da rahotonsu.

A tsawon shekarun nan huɗu mai tafki bai zauna jiran Arizona ba, bashi na kansa. Ya yi abin da kowannenmu zai yi. Ya sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta ya cakuɗa da abinci, alhali mai ciwon ya riga ya daina ci, maganin sai dai ya narke a ruwa ya koya wa ƙwayoyin da suka rage yadda za su jure masa. Ya kuma zuba sinadarin kulorin ya wanke tafki tas kafin ya sake zuba 'ya'ya, yana ganin tsabta ya yi. Ashe gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Ruwan tafki cike yake da ƙananan halittu iri-iri da ke gasar abinci da wurin zama, su ke taka wa juna birki. In ka kashe su duka sannan ka fara zuba abinci, wanda ya fi saurin hayayyafa shi zai gaje wurin, ita kuwa Vibrio ɗin nan in yanayi ya yi mata daɗi cikin kamar minti goma take ninka kanta. Kowane manomi ya san gonar da aka share ƙal aka bari: ba dawa ce ke fara fitowa ba. Sannan ga dagwalon da ke taruwa a ƙasan tafki, ragowar abinci da kashi da ɓawon da suka saɓe, wanda shi ne gidan ƙwayar kuma rumbunta.

Maganin nan bai tsaya a tafki ba, ya bi kaya har kasuwa. Tun a 2002 Tarayyar Turai ta taɓa rufe ƙofa ga kayan dabbobi daga Sin, har da jatan lande, saboda an sami ragowar maganin chloramphenicol a ciki. A 2016 ta ce sai an gwada rabin duk kayan jatan landen kiwo da ke zuwa daga Indiya kafin a bari su shiga. Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2015 Turai ta hana shigar wakenmu saboda maganin ƙwari. A 2018 Amurka ta dakatar da tarwadarmu, ciki har da bandar da 'yan'uwanmu mazauna can ke saye, kuma ba guba aka kama a ciki ba, takardun da za su nuna muna da tsarin duba lafiyar kifi irin nasu ne ba su cika ba.

Waɗanda suka farfaɗo a Tailan da Biyetnam ba wani sabon magani suka samo ba. Sun rage girman tafki, sun shimfiɗa masa leda mai kauri, sun haƙa rami a tsakiya inda injinan kaɗa ruwa ke tara dagwalo a zuƙe shi kullum. Da bakinsu suke kiran ramin masai. Sun ware wani yanki na gona don ajiye ruwa ya kwanta kafin a shigar da shi. Suna rainon 'ya'ya a ƙaramin tanki na wasu makonni har su yi ƙwari. Wasu suna sakin karfasa a ruwan ajiyar, domin an lura ruwan da karfasa ta zauna a ciki ya yi kore Vibrio ba ta cika sakewa a cikinsa ba. Uwa uba, ba mai hankalin da ke karɓar 'ya'ya yanzu sai ya ga sakamakon gwajinsu.

Kada in yi maka ƙarya, ranka ya daɗe: wannan cuta ba za ta shiga tankina ba. Ta ruwan gishiri ce, tarwada kuma ba abincinta ba ce. Abin da ya haɗa ni da manomin Mekong hali ne, kuma bari in tona wa kaina asiri.

Wata bazara, shekarun baya, na yi odar 'ya'yan tarwada dubu biyar daga wata ƙyanƙyasa a kudu. Suka iso da asuba a motar dare, cikin jarkokin da aka yanke wa baki, ba takarda ko ta tsire. Kwana tara suna ci kamar ba gobe. Rana ta goma na buɗe tanki na tarar da wasu sun tsaya a ruwa tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, ba sa gudu ko na miƙa hannu. Na kamo ɗaya na juya shi a tafin hannu: gashin bakinsa ya yi fari ya gutsuttsure, cikinsa ya kumbura, ga ja-ja a gindin fiffike kamar an ɗiga masa jini. Na kira wanda ya sayar mini, ya ce ruwana ne. Maƙwabcina ya ce in zuba gishiri in daka shuwaka in tace a ciki. Na yi. Na je shagon magungunan dabbobi, yaron da ke tsaron shago, wanda ba zai wuce shekara goma sha bakwai ba, ya miƙo mini wani gari a leda, ya ce in haɗa da kafson nan na kashe ƙwayoyin cuta da muke kira ja da yalo. Na zauna a kan bokiti ina ɓare kafso ɗaya bayan ɗaya ina juyewa cikin abinci da ɗan manja don ya kama. Kowace safiya ina kwashe gawa da kwando. Fiye da dubu uku suka tafi.

Wannan asarata ce, na haɗiye. Abin da ya biyo baya ne ke hana ni barci in na tuna. Ruwan tankin na sake shi a kwatar da ke bi ta bayan tankunan maƙwabcina ta ƙare a lambun mutane. Gawar na zubar a bola, karnuka da shamuwa suka yi rabonsu. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce gonar wane akwai ciwo masu saye su gudu. Waɗanda suka rayu kuma, da suka ɗan tasa na ga ciwon na neman dawowa, na sake ba su magani, na yi maza na sayar wa masu banda kwana kaɗan bayan haka. Wani ya ci kifin nan da maganin a jikinsa. Babu wanda ya gwada ko ɗaya daga cikinsu, don haka babu wanda zai iya cewa ga abin da ya kashe su. Alamun sun yi kama da na bakteriyar Aeromonas, wadda ta saba yi wa tarwada haka in ruwa ya ɓaci ko an wahalar da ita a hanya, amma kama da wane ba ta wane. Akwai ciwon fashewar kai da ke samun tarwada, wanda aka danganta da ƙarancin bitamin C a abinci, kuma na sha ganin ana ɗura masa ja da yalo, kamar mai ba wa mayunwaci maganin zazzaɓi.

Duk abin da na lissafa, shi manomin Asiya ya yi: iri ba shaida, magani ba gwaji, sakin ruwa kan maƙwabci, ɓoye ciwo, sayarwa da gaggawa. Bambancin kawai, ni tankina siminti ne, ruwana na rijiyar burtsatse, ɓarnata ba ta wuce unguwa ba. Tafkunan jatan lande kuwa daga kogi ɗaya ko gaɓa ɗaya suke sha, a nan kuma suke zubarwa. Ka ɗauki halinmu na yau ka kai shi rafukan Neja Delta ko lagon Legas, inda ruwan wannan shi ne ruwan wancan kowace rana sau biyu in teku ta cika ta janye, ka ga abin da za a haifa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Masana muna da su. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa, akwai ta binciken teku a Legas, akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom, ga tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Hanyar da za ta haɗa bakin tanki da teburinsu ce babu. Kifin da ya mutu da zafin Afrilu kafin azahar ya fara wari, bai da amfani ga mai gwaji. Mai ciwo ake so da ransa, kuma darasin daskararren samfurin can ya isa ya nuna cewa ɗauka da aikawa ma ilimi ne. Mai tanki shida ba zai ɗauki jarka ya nufi New Bussa ba. Sannan in ya tashi kai kuka, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa? Kifi na wurinka. Likitocin dabbobi suna kallon ma'aikatar kiwo da aka kafa a 2024. Killace abin da ke shigowa ta iyaka aikin hukumar NAQS ne. Rajistar magani na hannun NAFDAC. Kowa da nasa ɗakin, ita kuwa tarwada mai ciwo a tsakar gida take kwance.

Roƙona na farko a kan iyaka yake. Duk wanda zai shigo da iyayen jatan lande ko 'ya'yansa masu rai, babban kamfani ne ko ƙarami, a killace kayan a gwada su da PCR a nan gida kafin su taɓa ruwanmu, kada a tsaya ga takardar da mai sayarwa ya rubuto wa kansa. A tanadi wannan kafin a fara raba lasisi da rance, ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin sananne ne, kuma injinan PCR sun yawaita a jihohi tun zamanin korona. Horo da kayan aiki da wanda zai ɗauki nauyi ake nema.

Na biyun shi ya fi damuna, domin shi ne ba a saye da kuɗi kawai. A ba manomi dalilin faɗar gaskiya. Mun taɓa gwadawa a ƙasar nan. A farkon 2006, da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko da aka ga nau'inta na H5N1 a Afirka, gwamnati ta sa diyyar naira 250 kan kowace kaza da aka kashe. Masu kaji sun yi ƙorafin kuɗin ya yi kaɗan, wasu ma suka gwammace su sayar a ɓoye, kuma wannan kansa darasi ne: in diyya ba ta kai ba, ciwo kasuwa yake tafiya. Amma aƙalla an amince cewa wanda ya kai rahoto bai kamata ya tashi a tutar babu ba. Mai kifi ba shi da ko wannan. In na ce tankina akwai ciwo, abin da zan samu shi ne gudun masu saye. Wa zai faɗa?

Sauran ƙanana ne amma su ne na kullum. Kowace ƙyanƙyasa ta yi rajista, jarkar 'ya'ya ta zo da takarda mai nuna inda ta fito da ranar da aka ƙyanƙyashe, yadda in ciwo ya tashi a gona goma za a iya bin sawu a ga ko uwa ɗaya ce. A kowace jiha mai yawan tankuna a sami wuri ɗaya, ko a asibitin dabbobi na jiha ne, da zai karɓi kifi mai ciwo ya aika inda ya dace ya dawo da amsa cikin kwanaki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ya daina zama abin da yaron shago ke aunawa da ido. A rubuta a jikin leda, da Hausa da Yarbanci da Ibo, kwana nawa za a jira bayan magani kafin a sayar, a kuma faɗa a rediyo, don yawancinmu a nan muke karatu. Ni da aka ce na ɗan yi boko, sai bayan na yi ɓarnar na san akwai wani abu wai shi kwanakin jira.

Hukumomi na yawan cewa muna buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuma bai kai rabin haka ba, don haka dole a ƙara tafkuna. Na yarda, ni ma ƙari nake so in yi. Ranar Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu wasu 'ya'ya dubu huɗu za su iso mini, a motar dare, cikin jarkoki. Na wanke tanki, na tara ruwa ya kwana uku, na kuma haƙa ramin da zan riƙa binne gawa nesa da kwata. In rana ta goma ta zo na buɗe na gan su tsaye kai sama, ina so a ce akwai lambar wayar da zan kira kafin in nufi shagon yaron nan.

Allah ya taya ka riƙo. Na gode.

Naka,
Wani mai kiwon tarwada, daga jihar Kano.